Amsa ga mai tambaya kan farin ƙwaron da ya kama masa gwanda

Malam, wallahi da na ga hoton da ka saka sai da gabana ya faɗi, domin tamkar gwandata nake kallo shekara uku da suka wuce. Ka ce wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe ƙarƙashin ganye da jikin 'ya'yan, ganyen yana nannaɗewa, kana tambaya me za ka fesa, kuma yaya za a yi kada ya tsallaka gidan maƙwabta. Sannu, Allah ya kawo sauƙi. Abin nan ƙwaro ne mai rai. Ka murje shi da yatsa, za ka ga ruwa rawaya-rawaya. Ruwan jikin bishiya yake tsotsa, sai ya fitar da wani abu mai danƙo, shi ke jawo baƙin nan kamar kunkunniya a kan ganye, shi kuma tururuwa ke bi. Asalinsa daga can wajen Meziko ne, a jikin shuke-shuken da mutane ke ɗauka gari-gari ya zagaye duniya.

Ni ma da hannuna na kai shi gonata. Ina da ɗan fili da nake haya a Ikorodu, gwanda 36 a ciki, duk sun fara 'ya'ya, masu sayar da kayan marmari har gona suke zuwa. Sai na so in ƙara. Na tsaya wajen wani mai sayar da dashe a bakin titi, na sayi goma sha biyu a leda. Na ga ɗigo-ɗigon fari a ƙarƙashin ganyen, na kuma tambaye shi. Mutumin nan ya dubi tsabar idona ya ce toka ce ya barbaɗa saboda tsutsa. Har rantsuwa ya yi, yana ta Alhaji kaza, Alhaji kaza. Na kai su na dasa a tsakiyar manyan. Ba a yi wata uku ba gonar ta koma kamar an watsa mata garin rogo. 'Ya'yan suka ƙanƙance, suka yi tauri, wanda ya nuna ma ba ya sayuwa. Ranar da na ɗauki adda na fara sare su ɗaya bayan ɗaya, da na kai ta ashirin sai na zauna a ƙasa, hannuna na rawa. Kuɗin makarantar yarana biyu a jikin bishiyoyin nan yake.

Na koma wajensa. Ya ce bai taɓa ganina ba. Ledojinsa na nan jere, farin abin na nan a jikinsu, mutane na tsayawa da mota suna saye. Har yau in na bi ta hanyar nan raina ɓaci yake yi. Amma abin da ya fi ci mini rai, akwai wata dattijuwa Bayarabiya da gonarta ke jikin tawa, rogo da gwanda kaɗan take da su, da su take ci. Ƙwaron ya tsallaka wajenta. Ba ta ce mini komai ba, gaisuwa ma ba ta fasa ba, ni kuwa na yi wata guda ba na iya haɗa ido da ita.

Saboda haka kafin maganar feshi, don Allah ka je ka gaya wa maƙwabtanka yau ɗin nan, su ɗaga ganyensu su duba. Ba abin kunya ba ne. Ganyen da ya kamu sosai ka yanke, ka ƙona ko ka ɗaure a leda tam. Kada ka zuba a kwata ko bola, ka san yadda ruwan Legas yake, damina ɗaya zai raba wa unguwa. Addar da ka yi aiki da ita ka wanke da sabulu, rigar ma ka cire kafin ka shiga wata gona, ƙananan suna maƙalewa a tufafi.

Feshi kuwa, abin da ya cece mini goma sha shida da suka rage shi ne 'ya'yan darbejiya. In daka su, in jiƙa su kwana, in tace, in sa ɗan sabulun salo, in fesa da yamma a ƙarƙashin ganye, duk sati. Sabulun ne ke karya farin kakin da ƙwaron ke fakewa a ciki. Ka gwada a ganye biyu tukuna, gwanda ba ta son sabulu mai yawa. Kuma ka yi maganin tururuwar nan, ita ke gadinsu. Ina roƙonka kada ka bi shawarar masu cewa a fesa Sniper. Abin da yaranka za su ci ne. Ga shi kuma yana kashe ƙananan ƙwarin da ke cinye wannan ɗin. Lokacin da irinsa ya kusa gamawa da rogon Afirka a shekarun 1980, wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai kama da zanzaro da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kawo daga Kudancin Amurka shi ya yi maganinsa.

Kuma jama'a, mu da ke zirga-zirga tsakanin gida da Legas mu ji tsoron Allah. Kowa ya tuna 2016 da tsutsar da ake kira sharon ta cinye tumatir, har Kaduna ta sa dokar ta-ɓaci, a kasuwar Mile 12 ta Legas kwando ya gagari talaka. Tsutsar nan a cikin ɗan tumatir da kwanduna take tafiya. Duk da haka sai ka ga mutum ya kwaso ruɓaɓɓen tumatir daga kasuwa ya zube a gindin shukarsa wai taki. Haka ayaba: akwai cutar da ke dunƙule mata kai a wasu yankunan Ogun, a jikin 'ya'yan dashe take yawo, amma in an ba mu kyauta karɓa muke yi ba tambaya. Ni yanzu ko wana uwa ɗaya uba ɗaya ne ya ba ni dashe, sai ya yi sati uku a gefe shi kaɗai ina ɗaga ganyensa.

In gwandar taka a Agege take kamar yadda na fahimta, ina shigowa ranar Juma'a. Akwai ragowar 'ya'yan darbejiya da aka kawo mini daga Katsina, ka yi mini magana ta akwatin saƙo in taho maka da su, in kuma duba ta da idona kafin ka yanke shawarar sarewa.