Amsa ga mai tambaya kan tushen rikicin addini

Ɗan'uwa ka tambaya ko bambancin addini ne ke haddasa faɗa tsakanin Musulmi da Kirista. Ni dai a Kaduna na tashi, kuma wallahi abin da na gani shi ne yawanci riga ake saka wa rigimar da sunan addini, asalinta fili ne da kujera da kasuwa. Duba Zangon Kataf a 1992, maganar ɗauke kasuwa a kai ta wani wuri ce ta kunna wutar tsakanin Hausawa da Katafawa, ga tsohon ƙorafi kan gonaki da mulkin masarautar Zazzau, amma da labari ya iso cikin garin Kaduna sai ya koma masallaci da coci. Jos ma haka, tunda aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake ta ja-in-ja kan waye ɗan ƙasa waye baƙo, wa za a ba takardar indijin, rikicin 2008 ma ai zaɓen ciyaman ne ya jawo shi.

Ban ce wa'azin tunzura jama'a ba ya taka rawa ba, yana takawa sosai, mun gani a rikicin Shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta Miss World a 2002. Amma in bambancin ne kaɗai, me ya sa a ƙasar Yarbawa za ka ga uba Alhaji, ɗiyarsa tana zuwa coci, kuma tukunya ɗaya suke ci?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rabuwar da aka yi a garin Kaduna bayan 2000, Musulmi suka tattara zuwa su Rigasa da Tudun Wada da Kawo, Kirista suka haye gada zuwa Sabon Tasha da Television. Da muna yara akwai maƙwabciyarmu da muke kira Mama, ranar Kirsimeti da kanta take kawo shinkafa da kaza, kuma sai ta sa mahaifinmu ya yanka mata kazar don mu iya ci, mu kuma da Babbar Sallah a ba mu naman layya a kwano mu kai mata. Yanzu yaro zai gama sakandare bai taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsa ba, to duk abin da aka turo masa a WhatsApp kan waɗancan mutanen gaskatawa zai yi, don ba shi da ko mutum ɗaya a can da zai buga wa waya ya tambaya. Har gidan haya in ka je nema a wasu unguwanni sunanka ake fara tambaya kafin a gaya maka kuɗin.