Kabureta da Matatar Iskar Injin Zarto: Amsoshin Tambayoyinku

Tun da aka gama girbi hunturu ya kankama, yawancin tambayoyin da ke zuwa mini sun koma kan injin zarto, wato injin nan mai sarƙa da ake sare itace da shi. Lokacinsa ne kuwa. Wasu suna sassabe, wasu suna rage darbejiya da turaren da suka yi wa gona shinge, wasu kuma haya suke bayarwa. Na ware tambayoyi biyar da suka shafi sauya kayan kabureta da matatar iska, wadda makanikai ke kira iya kilina.

Tambaya ta farko daga wani manomi ce a yankin Saminaka: "Malam, injina ɗan China ne mai lamba 5800. Ƙura tana toshe iya kilina kullum, sai ya riƙa shaƙewa yana hayaƙi. Abokin aikina ya ce in cire ta. Da na cire na ji ƙararsa ta ƙaru, ya yi kuzari. In ci gaba a haka?"

Ɗan'uwa, don Allah ka mayar da ita yau, kafin ka sake jan igiya. Wannan kuzarin da ka ji ba lafiya ba ce.

Injin zarto ba kamar babur ɗinka yake ba, ba shi da ma'ajiyar baƙin mai. Man da ke shafa fistin da ringi da boris shi ne wanda ka zuba a cikin fetur. Iskar da ta shiga ta matata sai ta haɗu da feturin a kabureta, ta bi ta ƙasan injin inda karanshaf da boris suke, sannan ta hau silinda. Duk ƙurar da ta shiga tare da ita ta wannan hanya za ta bi. Ƙurar hunturu kuwa laushi gare ta kamar garin fulawa, amma yashi ce. In ta gauraya da mai sai ta zama kamar takardar goge katako, tana cin fistin ta ɓangaren da iska ke shiga. Ba a rana ɗaya za ka gani ba. Sannu a hankali za ka ji igiyar ta yi sako-sako in ka ja, injin yana wuyar tashi, daga nan sai sayen fistin da silinda.

Illa ta biyu ta fi saurin kisa. Da ka cire matatar, iska ta ƙaru, fetur ya yi kaɗan a kanta. Ƙarancin fetur shi ne ƙarancin mai, shi ne kuma ƙarin zafi. Shi ya sa ƙarar ta yi sama ta siranta.

Matatar da ke toshewa aikinta take yi, abin da ta tare da cikin injin zai shiga. Ka sayi guda biyu ko uku, ba su da tsada. Da azahar ka sauya, da yamma ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ka bar su su bushe sarai. Kafin ka cire matata ka ja cok ya rufe bakin kabureta, don kada garin katako ya faɗa ciki. Kada kuma ka goge matatar da burushin ƙarfe.

Tambaya ta biyu daga Bauchi: "Fetur ya yi tsada. Makanike ya ce zai iya ɗaure mini kabureta injin ya rage sha. Yaya ka gani?"

Na san inda ke maka ciwo. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa yake ƙirga lita. Amma wannan ɗaurin shi ya fi kashe injinan zarto, don haka bari in daɗe a kansa.

A gefen kabureta akwai sukuru uku. Mai alamar L shi ke kula da fetur lokacin da injin yake silo, wato yana kunne ba a matsa totur ba, da lokacin da ka fara matsa totur. Mai alamar H shi ke kula da fetur in ka buɗe totur gaba ɗaya. Na ukun, wanda kamfanin Stihl ke rubuta LA a kansa, kamfanin Husqvarna da yawancin injinan China kuma T, ba ya taɓa yawan fetur, saurin silo kawai yake ɗagawa ko saukewa. In ka juya L ko H dama, wato ka ɗaure, fetur ya ragu. In ka juya hagu ya ƙaru. Abin da makaniken ke nufi shi ne ya ɗaure H.

Gaskiya ne zai rage sha kaɗan, ƙararsa kuma za ta burge mai wucewa. Amma ana cikin yankan babban gungume zafi zai taru, fistin ya kumbura, ya kankare bangon silinda ta ɓangaren salansa, injin ya buga. Kuɗin gyaran ya ninka feturin da ka adana sau da yawa.

Ga yadda nake saita nawa. Matata mai tsabta, sabon haɗin fetur, sarƙa a ɗaure daidai. In saitin ya riga ya rikice, sai in ɗaure L da H a hankali har su tsaya, ba da ƙarfi ba, domin bakinsu kamar allura yake, yana lalacewa. Sai in warware kowanne juyi ɗaya. Wannan mafari ne a injina da yawa, amma in kana da littafin injinka bi abin da ya ce. In tayar, in bari ya ɗumama na 'yan mintuna. In na matsa totur ya yi kamar zai mutu kafin ya ɗauka, L na son a warware kaɗan. In ya ɗauka da nauyi yana hayaƙi, a ɗaure kaɗan. Kaɗan ɗin nan kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na juyi a lokaci guda. Daga nan in gyara T ko LA har injin ya tsaya a silo ba tare da sarƙa tana motsi ba. Sarƙar da ke gudu a silo ta raba mutane da yatsu, kada ka yarda da ita.

H kuwa da kunne ake saita shi in babu na'urar auna gudun inji. Ka buɗe totur duka na daƙiƙa biyu ko uku, ba a cikin itace ba. Ya kamata ka ji 'yar gargada a ƙarar, kamar yana ɓurɓura. Da ka sa shi cikin itace sai gargadar ta ɓace, ƙarar ta daidaita. Wannan shi ne daidai. In ƙarar ta fita siririya tsaf tun bai taɓa itace ba, fetur ya yi kaɗan, warware H. Bayan aikin yini ka cire fulogi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai danshi fetur ya yi yawa, fari ko ruwan toka kuwa ka dakata da aiki.

In ragin shan mai kake nema, wasa sarƙarka. Dakusasshiyar sarƙa tana fitar da gari maimakon ɓarɓashi, tana sa ka ninka lokacin yanka. A nan feturinka ke tafiya.

Game da haɗin mai, tunda ya zo a hanya: Stihl da Husqvarna sun ce 50:1 da mai mai kyau na injin zarto, wato mililita 20 a lita ɗaya. 'Yan China da yawa 25:1 aka rubuta musu, mililita 40 ke nan. Ka auna da sirinji, ka bar awon murfin gora. Baƙin man mota ba ya maye gurbin man 2T, wato man da aka yi don haɗawa da fetur.

Tambaya ta uku daga mai ba da haya a Kontagora: "Ina da tsohuwar kabureta ta Stihl 070. Zan iya sa a ɗaura mini ita a ƙaramin injina don ya ƙara ƙarfi?"

Alhaji, ba zan ba ka wannan shawarar ba. Stihl 070 girman injinsa ya kai cc 106, ƙananan nan kuwa hamsin da wani abu ne. Maƙogwaron kabureta an auna shi ne da yawan iskar da injin ke iya zuƙa. In ya yi faɗi, iskar ba za ta yi gudun da zai janyo fetur yadda ya kamata ba, silo ya ƙi zama, totur ya ƙi ɗauka.

Sannan akwai abin da masu ɗaurin dabara ke mantawa. Kaburetar injin zarto ba ta da kofin fetur irin na babur. 'Yar fatar roba ce a ciki take aikin famfo, abin da ke motsa ta kuwa bugun iska ne daga ƙasan injin, ta wata 'yar huda ko siririn tiyo. In hudar ba ta hau daidai ba, ko gaskit ɗin kwali da aka yanka ya rufe ta, fetur ba zai zo ba. In kuma mahaɗar ta bar kafa ko kamar ta gashi, iska za ta saci hanya ta shiga, mu koma maganar bugawa.

Sauyin da na yarda da shi shi ne wannan: in kaburetar ɗan China ta ƙi riƙe saiti, a nemo ta kamfanin Walbro ko na Zama mai girma ɗaya da ramukan ƙusa iri ɗaya, in dai ta asali ce, domin jabu sun cika kasuwa. Sau da yawa ma ba sai an kai nan ba. Fatar robar ce ta bushe saboda fetur ya kwana a ciki wata da watanni, ko an sha feturin bumburutu mai ruwa. Sabon kit na fatu da gaskit, da sabuwar matatar fetur ta cikin tanki, sun wadatar. In an yi duk wannan injin yana ta hawa da sauka da kansa a silo, ko yana sauya ƙara in ka kwantar da shi a gefe, a duba oyel sil da robar da ke tsakanin kabureta da silinda. Babu juyin sukurun da zai toshe wannan kafa.

Tambaya ta huɗu daga wani matashi a Maraɗi: "Ba a samun matatar injina a nan. Zan iya yanka soson katifa in sa?"

Tunanin ba laifi, soson ne bai dace ba. Na katifa fetur yana cinye shi, ya marmashe ya faɗa kabureta. Ka nemi soson iya kilina na babur ko na janareto, wanda aka yi don ya jure mai. Ka yanka shi ya cika gurbin babu kafa ko ɗaya a gefe, domin ƙura ta gefe ta fi shiga. Ka ɗiga masa mai kaɗan, ka matse har ya daina ɗiga, man shi ke kama ƙura mai laushi. Ka shafa giris siriri a bakin da ya haɗu da kabureta. In tsohuwar ragar tana nan ba ta yage ba, mafi kyau ka bar ta, ka lulluɓa soson a kanta. A ƙasa mai ƙura irin tamu wannan ya fi ragar nailan ita kaɗai, wadda ta fi dacewa da wuri mai damshi. Bayan aikin awa ɗaya ka buɗe ka shafa farin ƙyalle a maƙogwaron kabureta. In ya ɗauko ƙura, akwai inda take bi. Kuma duk lokacin da ka sauya irin matata ka sake saita H da L, tunda yawan iskar ya canza.

Ta ƙarshe daga Gembu: "A gida injina lafiya lau, da na sauko Jalingo aiki sai ya riƙa zafi."

Tsaunin Mambila, inda Gembu take, ya haura mita 1,500, iskar can ba ta da kauri kamar ta ƙasa. Injin da aka saita a sama, in ya sauko sai iska ta rinjayi fetur. Warware H kamar kashi ɗaya cikin takwas na juyi, ka saurari gargadar nan, in ka koma gida ka mayar. Masu saukowa daga Jos zuwa Lafiya su ma su kula da haka.