Na ware miliyan biyar don garinmu: rijiya, rabon azumi ko sana'a?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da injin casar shinkafa a yankin Kura ta Jihar Kano, da yara goma sha huɗu da ke aiki a ƙarƙashina. Bana Allah ya buɗa, na ware Naira miliyan biyar ina so in yi wa garinmu wani abu. Ƙanena ya ce in haƙa rijiyar burtsatse. Babban ɗana, wanda ya karanta harkar kasuwanci a jami'a, ya ce duk manyan kamfanoni suna da shirin kyautata wa al'umma, don haka mu buga sunan injinmu a buhuna mu yi rabon azumi, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Wasu samari kuma suna so in ba su kuɗin su kafa sana'ar taimakon mata, wai ba don riba ba. Wanne ya fi? Kuma zan iya lissafa kuɗin a cikin zakkata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a abin da ya bayar.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai gajeriyar amsa. Zakka tana da masu ita, aya ta 60 a Suratut Tauba ta jero su kashi takwas, kuma mafi yawan malamai, har da na Malikiyya, ba sa ganin a haƙa rijiya ko a gina masallaci da kuɗinta. Kai da kaya ke shiga da fita a hannunka kullum, sau ɗaya a shekara za ka ƙiyasta kuɗin shinkafar sayarwa da ke wurinka, ka haɗa da tsabar kuɗi da bashin da kake sa ran za a biya ka, ka fitar da ɗaya cikin arba'in, wato kashi 2.5 cikin 100. Injin kansa da rumfarsa ba sa shiga lissafi. Sauran bayani ka kai wa malamin garinku ko Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha. Miliyan biyar ɗin nan dai ta zauna a aljihu dabam.

To, kafin kuɗin su fita ƙofa, mu ɗan zaga cikin injin. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin samfarera, wato shinkafar da ba a casa ba, ɓuntu ne, kowane buhu mai kilo 100 yana bar maka wajen kilo 20. Ina kake kai shi? Idan tara shi ake yi a bayan katanga a cinna masa wuta, ka san ba ya ci bal-bal, ƙasa-ƙasa yake ci kwana da kwanaki, hayaƙin kuwa ɗakunan maƙwabta yake shiga. Yaran da ke tsaye a bakin inji suna da takunkumin rufe hanci? Bel ɗin yana da murfi, ko sai ranar da ya ja hannun rigar wani za a tuna? In yaro ya ji ciwo a bakin aiki, wa ke biyan kuɗin asibiti? Sikelinka yaushe rabon a gwada shi? Manomin da ya kawo maka kaya, kwana nawa yake sintiri kafin ya ga kuɗinsa?

Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024 ta tsayar da Naira 70,000 a wata, amma ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Hukuma ba za ta zo maka a kan wannan ba ke nan. Duk da haka ka auna abin da yaranka ke tashi da shi a wata da wannan adadi, ka gani ko zuciyarka ta natsu. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Na daɗe a nan ne saboda shi ne wurin da manyan kamfanonin da ɗanka ke magana suka fi yin tuntuɓe. Kamfanonin mai sun gina azuzuwa da ɗakunan shan magani a Neja Delta shekara da shekaru, a daidai lokacin da ɗanyen mai ke malala cikin ruwan da mutane ke kamun kifi. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan yankin Ogoni a 2011 ya ce tsabtace wurin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Azuzuwan ba su sayo musu ƙaunar jama'a ba. Sai da dokar man fetur ta 2021 ta wajabta musu zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu na shekarar da ta gabata a asusun garuruwan da suke aiki a ciki. Indiya ta riga mu: dokar kamfanoninta ta 2013 ta tilasta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaicin ribarsu ta shekaru uku a kan ayyukan al'umma. Babu irin wannan doka a kanka, amma dabarar tana da amfani. Ka yanke wani kaso ƙarami na ribarka, ka riƙa fitar da shi kowace shekara, ta albarka da ta ƙunci. Ya fi miliyan biyar sau ɗaya sannan a yi shiru shekara huɗu.

Shawarar ɗanka ba ta da laifi, in an kira ta da sunanta. Buhun da aka buga wa sunan inji talla ne, a littafi ma a shafin talla za ka rubuta shi. Ciyar da mai azumi lada ce babba, sai dai mako guda abincin ya ƙare. In za ka yi, kar a ɗauki fuskar wanda ya karɓa, kuma kar ka tara jama'a a ƙofar gida. A watan Disambar 2024 mutane da dama sun rasu a turmutsutsun rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija. Ka sa mai unguwa da liman su rubuto maka gidajen marayu da tsofaffi da marasa lafiya, yaranka su kai musu da dare.

Rijiya sadaka ce mai gudana, babu ja. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, har yau ana ambatonsa da ita. Amma ka bi ƙauyukan da ke kewaye da kai ka dubi tankunan da suka bushe, allon sunan wanda ya gina yana nan, ruwa babu. Haƙa ba ita ce wahalar ba. Ranar da famfon cikin ƙasa ya ƙone, ko aka sace farantin sola, kowa zai ce a je a gaya wa Alhaji. Masu wakafi na da sun gane wannan, shi ya sa ba sa barin masallaci ko makaranta haka kawai, sai sun haɗa musu shaguna ko gonaki da kuɗin shigarsu zai riƙe su. Tushen babbar kasuwar Istanbul ta ƙasar Turkiyya ma haka ne: Sarki Muhammadu na Biyu ya gina ta don hayarta ta riƙe masallacin Aya Sofiya.

In ka zaɓi rijiya, to ta ciyar da kanta. A ce masu kurar ruwa suna ɗibar jarka 150 a rana a kan Naira 30, an sami 4,500 a rana, 135,000 a wata. A biya mai gadi da mai kula, sauran ya shiga asusun gyara da sa hannun mutum uku, ban da kai. Matar da ta zo da bokitinta ta ɗiba kyauta. Wasu za su ce Alhaji ya yi rijiya yana sayar da ruwa. Za su faɗa na wata biyu, sannan su ga tasu tana zuba ta maƙwabtan gari ta tsaya.

Samarin nan kuwa, kalmar da ta sa na ɗaga gira ita ce "ba don riba ba". Sana'ar da ba ta mayar da kuɗin da ta ci, bara ce da ofis. Muhammad Yunus na Bangladesh, wanda ya fara da ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra a 1976, ya kafa bankin Grameen a 1983, ya kuma sami kyautar Nobel a 2006, bai taɓa cewa a yi asara ba. Abin da yake koyarwa shi ne mai jari ya karɓi uwar kuɗinsa, ribar kuma ta koma cikin aikin don ya faɗaɗa. A nan gida, kamfanin Babban Gona a Jihar Kaduna yana ba ƙananan manoman masara iri da taki bashi, ya koya musu aiki, ya nema musu kasuwa, kuma yana karɓar kuɗinsa. Kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa, ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana yake kafawa a kasuwanni, mai tumatir ya biya kuɗin kwando a kowace rana. Dukansu suna caji, shi ya sa suka kai yau. Ka kuma tuna da rancen noman shinkafa na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Da yawa sun ɗauke shi rabon gwamnati, karɓo bashin ya zama aiki. Kuɗin Alhaji ma haka za a ɗauke su, muddin ba a faɗa tun ranar farko cewa wannan bashi ne, wancan kyauta ce.

Da ni ne kai, a cikin shinkafar zan nemi aikin, don ita ka sani, kuma nan ne ba mai iya rufe maka ido. Dubi matan da ke turara shinkafa a garinku. Itace suke saya da tsada, su shanya a gefen titi ko tsakar gida, tsakuwa da ƙasa su shiga, dillali ya karya musu farashi saboda datti. Ka zuba dandamalin siminti na shanya kusa da injin, ka kewaye shi saboda awaki, ka sayo tamfol saboda hadari. Ka sa maƙera su yi tukwanen turara masu rariya a ciki, yadda tururi ne zai dafa shinkafar ba ruwa ba, da murhun da ke cin ɓuntu. Matan su biya ɗan abu a kan kowane buhu. Ɓuntun da ke damun maƙwabtanka ya zama makamashi, kuɗin itacensu ya ragu, shinkafarsu ta fito fes, kai kuma injinka ya sami kaya mai tsabta da masu kawo casa. Kar ka ji nauyin cewa kai ma za ka amfana. Amfanin nan shi zai sa ka leƙa wurin kowace safiya.

A nan samarin za su shigo, a matsayin ma'aikata masu albashi da littafi, ba masu riƙe jaka ba. Ka fara da mata ashirin a kaka guda. Kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, ka aika uwargida ko wata dattijuwa ta zauna da su ta ji. Watakila su ce maka ba wurin shanya ne damuwarsu ba, jarin sayen samfarera ne lokacin da take araha, ko kuma mazansu ba za su bar su fita zuwa bakin inji ba. In haka ne, tukwanen su bi su gida. Ma'auninka a ƙarshen kaka abu biyu ne: kuɗin da aka tara sun biya albashi da gyara? Abin da mace ke samu a buhu ya ƙaru ko bai ƙaru ba? In amsar ta biyu a'a ce, ka tsaya, ko da wurin ya yi kyau a hoto.

Game da rabon kuɗin, kusan miliyan ɗaya ta tafi gyaran cikin gida, wato takunkumi da murfin bel da sikeli da asusun jinyar yara. Uku su shiga aikin matan. Ta biyar ka riƙe ta, kar ka gaya wa kowa tana nan, don abin da zai lalace a shekarar farko yana da yawa. Rijiyar ƙanenka ta jira kason baɗi.

Kar ka yi gaggawar rajistar gidauniya, kuɗin lauya da rahoton shekara-shekara za su ci abin da ya kamata ya je wa matan. Asusun banki dabam da littafi dabam sun isa a yanzu. Ranar da aikin ya mallaki fili kuma kwamiti ya fara riƙe kuɗi, sai ku je Hukumar Rajistar Kamfanoni ku yi rajistar amintattu. Amma filin da za a zuba dandamalin a kai, tun yau ka yanke shawara ko naka ne ka ba da aro, ko wakafi ne ya fita daga dukiyarka. Ka rubuta a takarda gaban dagaci da liman da shaidu biyu, ka karanta wa 'ya'yanka su ji da kunnensu, kowa ya riƙe kwafi.