Amsoshin Likita: Kitso, Rilaksa da Sauran Abubuwan da Ke Cinye Gashi

Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu a kan gashi suke, kuma kusan kowace ta ƙare ne da neman sunan man da za a shafa. Na zaɓi biyar daga cikinsu, domin abin da nake gani a asibiti ke nan: yawancin lahanin da ke samun gashi daga hannunmu yake fitowa, wajen ja, da ƙonawa, da jinkirin zuwa a duba.

Wata matar aure daga Zariya: Likita, gashin gaban goshina ya cinye, har sai na jawo ɗankwali gaba nake rufe wurin. Ƙananan kitso nake yi duk mako biyu, wani lokaci da ƙarin gashi. Wane mai zai dawo da shi?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin maganar mai, ki tuna daren ranar da aka yi miki kitso na ƙarshe. Idan kin kasa ɗora kai a kan matashi, ko kin ji fatar goshinki ta ɗame har gira ta ɗaga, ko bayan kwana biyu kin ga ƙananan ƙuraje sun feso a gindin kitson, to kin riga kin san abin da ya cinye gashin. Kowane silin gashi yana da saiwarsa a cikin fata, kuma gashin goshi da na gefen kunne su suka fi shan ja. Idan aka ja su yau, aka sake ja bayan mako biyu, saiwar takan kumbura, gashin ya fita kafin lokacinsa. Da farko yana sake tsirowa. Amma idan aka yi shekaru ana haka, tabo ne ke maye gurbin saiwar, wurin ya yi sumul yana sheƙi, kuma daga nan babu man da zai dawo da shi komai tsadarsa.

Wani bincike da likitocin fata suka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 2007, ya gano cewa kusan mace ɗaya cikin uku da aka duba tana da irin wannan zubewar, kuma haɗarin ya fi yawa ga wadda ake ja wa gashin da aka riga aka sa wa rilaksa.

Ki hutar da kanki na wata uku ba tare da ƙarin gashi ba. Ki koma manyan kitso marasa ɗauri, ki ce wa makitsiya ta bar gashin goshi kada ta tsinto shi, kuma ki riƙa sauya salo, domin shuku da ake maimaitawa kullum wuri ɗaya yake ja. Wajen tsifa kuwa, ki jiƙa gashin da ruwa da ɗan mai, ki fara tajewa daga baki zuwa tushe da mataji mai manyan haƙora. Gashi kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata, saboda haka sai da haƙuri. Idan wata uku suka wuce babu ko ƙananan gashi da suka leƙo, ki ga likitan fata, wataƙila ya rubuta miki minoxidil, wani magani mai taimaka wa gashi tsirowa, wanda ba a ba mai ciki.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne yarinya 'yar shekara biyar tana hawaye a tsakanin ƙafafun makitsiya ranar jajiberin salla, uwa tana ce mata ta yi shiru, wai sai da zafi kitso ke daɗewa. Sanƙon da nake gani a goshin mata masu shekara talatin, da yawansa daga wannan zaman ya faro.

Wata budurwa daga Maraɗi: Duk wata nake sa rilaksa. Yana ƙona mini kai, amma mai salun ta ce alamar yana aiki ke nan. Yanzu gashina ya koma ja yana kakkaryewa.

Amsa: Ƙunar da kike ji ba alamar aiki ba ce, fata ce ke ƙonewa. Sinadarin da ke cikin rilaksa da yawa shi ne sodium hydroxide, wato sodar da ake haɗa sabulu da ita, kuma yana miƙar da gashi ne ta hanyar tsinka abin da ya riƙe ƙarfinsa daga ciki. Wanda aka rubuta a jikin kwalinsa cewa babu soda shi ma yana da wani sinadari mai ƙarfi, kuma yana busar da gashi. Idan kina maimaitawa duk wata, sabon tsiron bai kai yadda za a raba shi da tsohon ba, sai maganin ya sake hawa kan gashin da ya riga ya yi rauni. Jan da kika gani da karyewar daga nan suke.

Idan ba za ki bari ba, ki bar tazarar mako 8 zuwa 12, a shafa wa sabon tsiro kaɗai, a kare fatar goshi da kunne da basilin, kuma kada a wuce mintunan da aka rubuta. Kada ki tsefe kai ki sa rilaksa a rana ɗaya, kada kuma ki yi kitso sai bayan mako biyu. Ƙarfen miƙar da gashi da draya mai zafi suna ƙara wa irin wannan gashin lahani. A 2022 wani bincike na hukumar nazarin lafiya ta Amurka a kan mata sama da 33,000 ya nuna cewa masu amfani da magungunan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun fi waɗanda ba sa amfani da su kamuwa da sankarar mahaifa, fiye da ninki biyu. Cutar ba ta da yawa, kuma binciken alaƙa kawai ya nuna, bai tabbatar cewa magungunan ne ke jawo ta ba, amma a ganina ya isa ya sa mace ta rage.

Wata mai jego daga Kano: Wata huɗu da haihuwata, in na taje kai gashi cika hannu yake fita. Ko wani ciwo ne?

Amsa: Barka da arziki, Allah ya raya. Kowa yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Lokacin ciki sinadaran jiki kan riƙe gashin da ya kamata ya zube, bayan haihuwa kuma sai duk ya sauka tare, yawanci tsakanin wata na biyu da na huɗu. Saiwar tana nan da ranta, kuma kafin yaro ya shekara gashin yakan koma daidai. Haka ma ke faruwa wata biyu ko uku bayan taifod ko zazzaɓi mai tsanani. Idan akwai gajiya, jiri ko bugun zuciya, ki je a auna jininki, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe yana tsawaita zubewar. Ki yawaita wake, zogale, hanta, ƙwai da kifi, ki kuma guji matsattsen kitso a wannan tsakanin.

Wata malamar makaranta daga Gusau: Amosani ya dame ni. Kullum ina shafa man shanu da man kaɗanya a fatar kai, amma ƙaiƙayin ƙaruwa yake yi. Nakan yi wata ban wanke kai ba saboda kada kitso ya tsufa.

Amsa: Malama, amosani ba bushewa ba ne kamar yadda ake zato. Wata ƙwayar fangas ce da ke zaune a fatar kowa, maiƙo kuma shi ne abincinta, don haka mai a kan fatar da ba a wanke ba ciyar da ita ne. Ki nemi sabulun wanke kai mai ketoconazole, wato maganin fangas, ki cuɗa shi a fatar tsakanin layukan kitso, ki bar shi minti biyar kafin ki ɗauraye, aƙalla sau ɗaya a mako. Man kaɗanya yana da amfani ƙwarai, musamman da hunturu, amma a jikin gashi da bakinsa ake shafa shi bayan an ɗan jiƙa, domin aikinsa riƙe danshi ne. Karkashin da iyayenmu ke wanke kai da shi yana sa santsi, ya rage karyewa wajen tajewa. Sannan ki bari kai ya bushe sosai kafin ki ɗaura ɗankwali ki sa hijabi.

Wani magidanci daga Katsina: Ɗana mai shekara bakwai makero ya fito masa, gashi ya zube wuri-wuri. Mun shafa mayuka iri-iri, har an ce mu gwada man birki.

Amsa: Malam, don Allah kada a kusanci kan yaron da man birki, ƙuna kawai zai jawo masa. Makero fangas ne da ke shiga cikin silin gashi har saiwa, inda man shafawa ba ya kaiwa, shi ya sa kuka gaji ba ku ga sauƙi ba. Mayukan da ake haɗawa da steroid, wato sinadarin rage kumburi, kuwa sukan kwantar da ƙaiƙayi, cutar tana ci gaba da yaɗuwa. Maganinsa na sha ne, kamar griseofulvin, wanda likita zai auna gwargwadon nauyin yaron, a sha mako 6 zuwa 8 tare da abinci mai maiƙo, kuma ba a dakatarwa don an ga wurin ya fara kyau. A duba yayyensa da ƙannensa, a raba musu hula, mataji da matashi, ka kuma saya masa kilifa tasa da zai riƙa zuwa da ita wurin mai aski. Idan wurin ya kumbura yana tsatstsafar da ruwa kamar maruru, kada a kai shi wanzami ya tsaga, a kawo shi asibiti a ranar, domin irin wannan ne ke barin tabon da gashi ba ya sake fitowa.