Hukuncin rabuwa da babbar waya da talabijin da niyyar zuhudu

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Kauran Namoda. Na lura babbar waya tana cinye mini lokaci har ina makara sallar Asuba, sai na sayar da ita na koma ƙarama mai madannai, na kuma fitar da talabijin daga ɗakina. Cikin zafin abin na rantse da Allah cewa babbar waya ba za ta sake kwana a gidana ba. To amma maiɗakina tana da tata wadda ta saya da kuɗin sana'arta ta turaren wuta, ɗana kuma yana shirin jarrabawar JAMB. Shin abin da na yi zuhudu ne, wato gudun duniya? Kuma ina da ikon tilasta musu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abin da ka yi a kan kanka halal ne, kuma muna yi maka fatan lada a kansa, domin dalilin da ka ambata dalili ne da shari'a take girmamawa. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya ce akwai ni'imomi biyu da ake yi wa mutane da yawa kamunga a cikinsu, su ne lafiya da sararin lokaci. Mutumin da ya gano ƙofar da lokacinsa yake zurarewa ta cikinta, ya tashi ya toshe ta, ya yi abin da mai hankali yake yi.

Sai dai wajibi ne ka san inda ladan yake, don kada ka ɗora shi a kan abin da ba muhallinsa ba. Asalin kayan amfanin duniya halacci ne har sai dalili ya zo da hani, kuma malaman usulu, wato masana tushen fiƙihu, suna cewa hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi. Saboda haka wayar da take sa mutum ya bar sallah ta fita daga lokacinta, ko take kai shi ga kallon tsiraici, caca da cin naman mutane, kuma ya gwada ya kasa kame kansa, rabuwa da ita wajibi ne a kansa. Wadda take cin lokaci kawai ba tare da ta tauye farilla ba, barinta abin so ne. Wadda mutum yake neman halalinsa da ita, yake sauraron karatu, yake sada zumunci, riƙe ta ba ya rage masa komai a wurin Allah. An naƙalto daga Imamu Ahmad cewa zuhudu hawa uku ne: barin haram, barin abin da ya wuce buƙata na halal, da barin duk abin da yake shagaltar da bawa daga Ubangijinsa. Ka ga ma'aunin yana komawa ga abin da kaya suke yi wa zuciya. Usman ɗan Affan da Abdurrahman ɗan Aufu attajirai ne, kuma babu wanda ya isa ya ce mun fi su gudun duniya. Na sha ganin mai ƙaramar waya da ke raba dare a majalisa ana yi da mutane, wanda sauya wayar bai ƙara masa komai ba.

Abin da nake jiye maka tsoro shi ne ka ɗauki rashin na'ura a matsayin ibada mai zaman kanta, ko ka riƙa yi wa masu riƙe da ita kallon masu raunin addini. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 87, kada muminai su haramta daɗaɗan abubuwan da ya halatta musu. A hadisin Abu Isra'ila, wanda ya yi bakancen tsayuwa a rana ba zama, ba shiga inuwa, ba magana, tare da azumi, Annabi (SAW) ya umarta a ce masa ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. Ya tabbatar masa da abin da yake ɗa'a ne, ya soke wahalar da ba ta kusantar da kowa ga Allah. Shi kansa Annabi ya karɓi shawarar Salmanul Farisi ta haƙa gwalalo don kare Madina a shekara ta 5 bayan hijira, alhali dabara ce da Larabawa ba su saba da ita ba.

Game da iyali kuwa, nan ne ka wuce iyaka. Dukiyar mace tata ce a shari'a, kuma wayar da ta saya da guminta ba ka da ikon ƙwacewa, sayarwa ko fasawa, balle ma ita ce hanyar da masu sayen turarenta suke samunta tana cikin ɗakinta, wanda hakan ya fi mata sutura a kan yawon talla. Matsayinka na mai gida ya ba ka damar yin nasiha, da hana saɓo idan ka gan shi a fili, da tsara lokaci cikin shawara, kamar a ajiye wayoyi lokacin cin abinci, lokacin karatun yara, da bayan sallar Isha'i. Bai ba ka damar hukunta ta da laifin da kai ka same shi a kanka ba. Yaron kuma yana ƙarƙashin kulawarka, kana iya hana shi mallakar waya idan ka ga maslaha, amma ka tuna tun shekarar 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Idan ka hana shi waya, sai ka nema masa wurin koyon kwamfuta, don kada ya shiga ɗakin jarrabawa hannunsa bai san madannai ba.

Mu mutanen Zamfara mun ɗanɗana zama babu waya, ba da zaɓinmu ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a watan Satumba na 2021 saboda matsalar 'yan bindiga. Wasu sun ce sun sami natsuwa, kuma ban ƙaryata su ba, amma kowa ya ga yadda ciniki ya tsaya, yadda mutane suka riƙa tafiya har wajen jihar don su kira 'yan'uwansu, da yadda mai mara lafiya ya rasa hanyar neman taimako. A ƙasar da kira ɗaya yake iya sanar da matafiyi cewa hanya ba lafiya, ba na ba kowa shawarar ya yanke sadarwa gaba ɗaya, kuma ka kyauta da ka riƙe ƙaramar. Haka nan ka duba haƙƙin abokan cinikinka da suke turo kuɗi ta banki, ka tabbata saƙon shigar kuɗi yana iso maka, don kada zuhudunka ya zama sanadin jayayya a kan bashi.

Saura rantsuwa. Da cewa ka yi kawai ka haramta wa kanka babbar waya, da babu komai a kanka, domin Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa wanda ya haramta wa kansa abin da Allah ya halatta babu abin da ya hau kansa, in ban da matar aure, don haka ka kiyayi furta irin wannan lafazi a kanta. Amma tunda da sunan Allah ka rantse, rantsuwar ta ƙullu. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga waninta ya fi alheri, to ya aikata wanda ya fi alherin, ya yi kaffara. Ka bar wa maiɗakinka wayarta, ka ciyar da miskinai 10, kowanne mudu ɗaya da mudun Annabi (SAW) na abincin da aka fi ci a garinku, ko ka tufatar da su, asalin wannan hukunci kuwa yana cikin aya ta 89 ta Suratul Ma'ida. Azumin kwana 3 na wanda ya kasa waɗannan ne, kuma mai sayar da hatsi irinka da wuya ya shiga cikinsu.

Allah ne mafi sani.