Amsa ga mai tambaya kan yadda miyalin ke naɗe jijiya a farantin gwaji

Wa alaikumus salam. Ƙanena ɗalibin likitanci na Garwa, ka tambaya ko gaske ne rigar miyalin, wato rufin da ke lulluɓe zaren jijiya mai kai saƙo, tana samuwa a jikin zaren a cikin faranti, ba a jikin dabba ba. Gaske ne, na yi aikin nan da hannuna kafin in dawo Ngaundere.

Ka fara cire tunanin cewa miyalin wani mai ne da ake shafa wa jijiya. Fatar ƙwayar Schwann ce, wata ƙwayar halitta da ke bin zaren jijiya, da kanta take zagaya zaren, zagaye bisa zagaye kamar naɗin rawani, sannan ta matse ruwan da ke tsakani ya fita. Betty Geren ce ta nuna haka a 1954 a jijiyar ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, a 1955 kuma Edith Peterson da Margaret Murray suka ga miyalin ta samu a faranti a Amurka.

Mu daga ɗan tayin ɓeran gwaji muke ciro ƙullutun jijiya na gefen laka, mu ɗora a faranti, mu sa a akwatin ɗumi mai maki 37. Zaruruwa su miƙe, ƙwayoyin Schwann su bi su, su hayayyafa, su jeru. Nan masu gaggawa ke karaya, don sai a yi ta jira ba naɗi ko ɗaya. Sai an zuba bitamin C. Da shi ƙwayar ke gina siririyar shimfiɗa mai kolajin, wani furotin mai ƙarfi, a bayanta, in babu ita ba ta iya naɗi yadda ya kamata. Aikin ɗakin gwajin Richard da Mary Bunge ne ya tabbatar da wannan a 1987. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai ka fara ganin gaɓoɓi a madubin likita, kowace ƙwaya da gaɓarta guda, tsakaninsu ɗan giɓi da ake kira giɓin Ranvier. Wallahi abin yana sa mutum tasbihi.

Ba kowane zare ake naɗewa ba. Sai wanda kaurinsa ya kai wajen maikiromita 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma zaren ne ke ba da umarni ta wani furotin da ke fatarsa, neuregulin-1. A ƙwaƙwalwa da laka wata ƙwaya ce daban ke yin naɗin, guda ɗaya tana riƙe zaruruwa da yawa.

Dalilin da nake so ka riƙe wannan darasi shi ne kuturta. Ƙwayar cutar a shimfiɗar nan take maƙalewa ta shiga ƙwayar Schwann, kuma a irin waɗannan farantai aka ga tana warware miyalin. In ka fara duba marasa lafiya, ka ga tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, ka lalubi jijiyar gwiwar hannu ko ta yi kauri, kada ka sallame shi da man shafawa.