Amsa ga mai tambaya kan aikin nutso na binciken kimiyya

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Zan amsa tambayar da ƙaninmu ya jefo jiya da dare, inda ya ce yana aji uku a sashen nazarin halittu, kuma yana son ya san takardun da ake nema kafin mutum ya shiga aikin nutso a teku don bincike, da kuma ko akwai abin kai wa baka a harkar.

Ƙanina, ka fara riƙe digirinka da kyau, domin cibiyoyin bincike masani suke ɗauka aiki, nutson kuwa hanya ce kawai ta isa wurin aikin. Wanda ya sauka ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska a bayansa yakan je ne ya ƙidaya kifaye, ko ya auna lafiyar murjani, ko ya ɗebo samfurin laka, ko ya zana taswirar jirgin da ya nutse. Masu walda da gyaran bututun mai a gaɓar tekun Najeriya sana'arsu daban ce, takardunsu ma daban, kuma doka ta raba su. A Amurka tun 1982 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta cire nutson kimiyya daga dokokin nutson kasuwanci, bisa sharaɗin cewa aikin lura ne da tattara bayanai, babu ɗaga kaya masu nauyi, babu yanka ƙarfe.

Matakin farko shi ne takardar nutson shaƙatawa daga PADI ko CMAS, ƙungiyoyin duniya masu ba da takardun horon nutso. Ta farko a tsarin PADI tana ba ka damar sauka zuwa mita 18, ta biyu zuwa mita 30, sannan a bi da ta ceto. Waɗannan share fage ne kawai. Ƙungiyar masu nutson kimiyya ta Amurka, wato AAUS, wadda jami'o'i da yawa ke bin ƙa'idarta, tana buƙatar horo na aƙalla awa 100 da nutso 12 a ƙarƙashin kulawa, tare da gwajin ninƙaya na yadi 400 cikin ƙasa da minti 12, da sanin taimakon gaggawa da yadda ake ba wanda ya jikkata oksijin. Bayan haka dole ka yi nutso 12 duk shekara, in ba haka ba izininka ya faɗi. A Turai ana neman nutso 70 don matakin farko, 20 daga ciki na aikin kimiyya, sai 100 don babban mataki. A Afirka ta Kudu kuwa ma'aikatar ƙwadago ce ke ba da rajista, kuma Jami'ar Cape Town tana horar da masu nutson bincike.

Akwai batun da nake so ka tsaya a kansa kafin ka kashe ko sisi, wato gwajin likita. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kan jikinka yana ƙaruwa daidai da nauyin iskar da muke ciki a doron ƙasa, sinadarin nitrojin da ke cikin iskar da kake shaƙa kuma yana narkewa cikin jini da tsoka. Idan ka taso da gaggawa sai ya zama kumfa, ya jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki, shi ya sa ake tasowa a hankali a tsaya minti 3 a mita 5. Likitocin nutso ba sa barin mai farfaɗiya, suna bincikar mai asma sosai, kuma mai ciwon sikila ba a ba shi izini. Tunda sikila ta yi yawa a cikinmu, ka yi gwajin sikila (genotype) tun yanzu, idan kuma AS ne ka gaya wa likitan da bakinka.

Game da aiki, ba zan ɓoye maka ba, guraben kaɗan ne kuma yawanci sai da digiri na biyu. A gida akwai cibiyar binciken teku ta NIOMR a Legas, sai dai ruwan gaɓarmu yana da laka, shi ya sa a ganina wanda ya ɗauki abin da gaske ya kamata ya dubi Bahar Maliya. Jami'ar KAUST da ke Saudiyya tana da ƙarfi a binciken murjani kuma tana ɗaukar nauyin ɗalibanta na gaba da digiri. Fannin tarihi ma yana buɗewa a Afirka, domin a 2015 aka sanar da gano jirgin bayi São José da ya nutse kusa da Cape Town a 1794, kuma masu bincike na Jami'ar Cheikh Anta Diop suna irin wannan nema a kewayen tsibirin Gore na Senegal.

Abin da za ka iya farawa da shi a wannan zangon shi ne ka nemi kududdufin iyo mai malami ka gyara ninƙayarka, ka dage da darasin ƙididdiga, sannan ka roƙi malaminka ya ba ka aikin kammala digiri da ya shafi halittun ruwa, ko da a Tiga ne ko Kainji. Wassalam.